Jakar Katuna a Jiratawa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka sa ni shugabancin biron zaɓe, wato rumfar jefa ƙuri'a, a wata lakwal, makarantar boko ta Jiratawa ba. Biro mutum kaɗan ne: ni, da sakatare, da delege biyu, wato wakilan jam'iyyun da ke takara. Doka ta ce kowa ya zo da katinsa, ya shiga bayan labule shi kaɗai, ya dangwala yatsa.

A zaɓen farko bayan dawowar jam'iyyu, na ga layi har bakin hanyar Maraɗi. Wannan karon har azahar ƙudaje muke kora.

Sai ga Baba Ɗan Tani, dattijon manoman fadama, da jakar fata. Ya zazzage ta a kan tebur. Katunan unguwarsu ne gaba ɗaya. Ya kira ni Mushe, yadda ake kiran ɗan boko a wajenmu.

"Mushe, yau layin ban ruwanmu ne, kowa na kan albasarsa. Ga katunan, ka jefa mana."

Na ce, "Baba, ai ba rabon taki ba ne. Kowa da ƙafarsa zai zo."

"A koperatif ɗinmu na manoma haka muke yi, ba a taɓa korata ba."

"To wa suke so?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Wanda ka ga dama. Mun zaɓa, soja sun ɗauke. Mun sake zaɓa, sun sake ɗaukewa. Ruwa kuwa in ya wuce mu, sai wani mako."

Na yi zama a Abijan da Kumasi da Kano. Na ga inda ake satar ƙuri'a, na ga inda ake sayenta. Ban taɓa ganin inda ake ba da ita kyauta ba.

Delegen nan biyu, da tun safe ba su gaisa ba, suka matso tare wurina, ni shugaban biro. "Peresidan, a raba mana biyu mana. Wa zai sani?"

Na ƙi. Baba ya tattara katunan, har nasa.

"Naka fa, Baba? Kai ai ga ka nan."

"Aiko ni aka yi, Mushe. Ba ni ci in bar su."

Da yamma na kai akwati Maraɗi a hannu ɗaya, don ba shi da nauyi. A takardar rahoto na rubuta cewa ba a samu matsala ba.

Ku yaran da ke aikin zaɓe yanzu, mu an koya mana tsare akwati daga ɓarawo, kuma na tsare. Har yau ban san wa na tsare wa ba.