Jethro Rewaya da Hasken da Ba Ya Kamuwa

Shekara goma sha tara ke nan muna zaune kusa da juna ni da Jethro a bakin titin Kakuri. Ni ina faci, shi yana gyaran wutar mota da ta babur da ta keke mai ƙafa uku. Rewaya ake ce masa, har wasu direbobin ba su san yana da wani suna ba. Tun a masaƙa muka san juna, ni a sashen rini, shi a cikin masu kula da wutar injuna. Da aka rufe masaƙar kowa ya kama gabansa, mu biyu kuwa titi kawai muka tsallaka muka kafa rumfa. Sunana Nathan. Aji huɗu na yi a firamaren ƙauyenmu. Shi ya kai shida, kuma har yau yana yi mini gori da aji biyun nan.

Jethro yana da ka'ida guda a aiki. Idan aka kawo masa fitilar da ta ƙi kamawa, ba ya yanke waya ya haɗa ta wani wuri don a samu a tafi. Sai ya bi ta da yatsa tun daga batir har ƙwan fitila, gaɓa bayan gaɓa, sai ya ga inda wutar ta tsaya. Direbobi masu sauri suna jin haushinsa, suna ce masa mai nawa, amma wurinsa suke dawowa.

Akwai wani abu da masu babur na wajenmu suka yarda da shi tun da daɗewa. Tsofaffin babura, irin nawa, wutar fitilarsu daga injin take zuwa kai tsaye. In kana tafiya a hankali hasken ya yi ja-ja, in ka ƙara gudu ya yi fari ya kai nesa. To, sai suka ɗauka gudun ne ke tura hasken gaba. Duk wanda ya faɗi haka a rumfar Jethro ya jawo wa kansa. Zai kafe babur ɗina a kan ƙafarsa, ya juya fitilar ga katangar bayanmu inda inuwa take, ya murɗa totur. Hasken ya ƙaru, babur bai motsa ba. Sai ya ce wa mutumin ya gani da idonsa, inji ne ya ƙara wuta, gudu bai ƙara wa haske komai ba.

Daga nan tasa matsalar ta taso. Ya taɓa ji a rediyo cewa haske ma tafiya yake yi, kilomita dubu ɗari uku a daƙiƙa guda. Sai ya ce, tunda gudun babur ba ya ƙara wa haske gudu, to idan babur ya yi gudu daidai da na haske ya kunna fitila, ai ya kamo haskensa ke nan. A ganinsa hasken zai taru a cikin gilashin fitilar, gaba kuma duhu. Amma zuciyarsa ba ta kwanta da amsar ba. Ya tambayi fasto, ya tambayi wani injiniya daga Barnawa da ya kawo mota, ya tambayi duk mai keken da ya zauna a bencinsa. Ni ya tambaye ni ya fi sau ɗari, kullum ina ce masa taya na sani.

Wata ranar Talata da la'asar autarsa Celina ta sauka daga keke idanunta jajur. A lokacin tana shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, an tura ta gwajin koyarwa a wata sakandare a Barnawa, tana koyar da fiziks. Ta gaishe mu, ta zauna a benci, ta ce ita ta gama da koyarwa.

Da ƙyar muka ji abin da ya faru. Tana cikin darasin haske, malamin da ke duba su daga kwaleji, Malam Abdulmalik, yana zaune a bayan aji, sai wata ɗaliba mai suna Maimuna ta ɗaga hannu. Ta ce idan babur ya yi gudun haske ya kunna fitila, hasken zai fita ko ba zai fita ba? Celina ta juya ta cika allo da lissafi. Da ta gama, yarinyar ta ce, Anti, zai fita ne ko ba zai fita ba? Aji ya fashe da dariya. Bayan an tashi Malam Abdulmalik ya ce mata zai dawo ranar Litinin. In ta sake kasa yi wa yara bayani da bakin da za su gane, ba zai sa mata hannu ba, sai ta maimaita shekara. Ita kuma ta ce ba za ta maimaita ba, gara ta koma shagon ɗinkin gwaggonta a unguwar Nasarawa.

Na dubi Jethro, na ga ya ajiye sukudireba. Ya tambaye ta ina yarinyar ta samo wannan tambaya. Celina ta ce wai yayan yarinyar mai keke ne, shi ya ji ta a wurin wani tsohon rewaya a Kakuri. Ta faɗi haka tana kallon ubanta.

Ni dariya ta kama ni, na ɓoye fuska a bayan taya. Tambayar da ya yi shekaru yana rabawa kyauta ta hau keke ta tafi Barnawa ta kayar da 'yarsa. Amma shi fuskarsa wani haske ta yi, kamar an ce masa an buɗe masaƙa.

Ya ce, "Ke kin san amsar?"

Ta ce, "Na san ta a takarda, Baba."

Ya ce, "To, takarda ba za ta je aji ranar Litinin ba. Ki bi mini ita kamar waya, daga batir har ƙwai. Inda na tsaya, nan ta tsinke. In ni na gane, har Nathan ma zai gane."

Na ce masa na gode.

Ranar Laraba ta zo daga makaranta da littafi. Duk sanda ta jefo kalmar Turanci sai ya ɗaga hannu ya ce ta koma baya. Ta fara da lemo. Ta ce in yaron mota yana bayan babbar mota tana gudu ya jefa lemo gaba, gudun motar zai haɗu da ƙarfin jifarsa. Amma haske ba lemo ba ne, ko daga me ya fito gudunsa ɗaya. Jethro ya buga cinya ya ce wannan ai karatunsa ne, a katangar nan yake koyar da shi. Sai ta ce masa shi ma mai babur ɗin, komai gudunsa, zai ga hasken yana barinsa da cikakken gudun nan, ba ragi ko kaɗan. Nan ya tsaya. Ya ce ba ta yiwuwa ka bi abu a guje kuma ya riƙa tsere maka kamar kana tsaye. Waya ta tsinke. Ta buɗe baki za ta kawo lissafi, ya girgiza kai. Ta tattara littafinta ta tafi a fusace.

Ranar Alhamis ta dawo da wata gaɓar. Ta ce tun farko ma duk abin da yake da nauyi ba zai kai gudun haske ba. Yana matsowa kusa, ƙarfin da ake bukata don ƙara masa gudu yana ninkuwa, har man duniya duka ya ƙare bai kai ba. Jethro ya yarda da wannan da sauri, don ya san inji. Amma ya ce to a rage wa babur ɗin ɗan kaɗan, kamar kaurin gashi. Ya sa ni na tsaya a bakin titi a matsayin mai kallo, shi ya hau babur ɗina da ke kafe. Ya ce Nathan zai ga haske a gaba, babur yana binsa dab da dab. Celina ta ce haka ne. Ya ce shi kuma a kan babur zai ga hasken ya tsere masa fit. Ta ce haka ne. Ya ce to a cikinmu wa ke ƙarya? Ta ce babu. Ya ce in babu mai ƙarya, akwai abin da ya ba da hanya, ta je ta nemo shi. Ranar nan wani mai keke ya jira awa guda ba a duba masa hon ba, kuma bai yi ƙorafi ba, don shi ma ya shiga gardamar.

Ranar Juma'a ba ta zo da littafi ba. Ta ce in ba ta agogona, ta karɓi na ubanta, ta riƙe ɗaya a kowane hannu. Ta ce gudu ai nisa ne da lokaci, ka ci tafiya kaza a minti kaza. Mu mun saba ɗauka cewa minti ɗaya ne a wurin kowa, shi ne kuskurenmu. Idan Baba yana kan babur mai irin wannan gudu, ni da ke bakin titi zan ga agogonsa yana jan ƙafa, shi kuwa a wurinsa agogon lafiya lau yake tafiya. Tsawon hanya ma ba za mu auna shi daidai da juna ba. Kowa ya yi lissafi da nasa agogon da nasa awon, sai gudun haske ya fito masa ɗaya.

Jethro ya dubi agogon nan, ya dubi wancan. Can sai ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Wato lokaci ne ya kauce wa haske?"

Ta ce, "Shi ne, Baba."

Tsohon nan mai ciwon gwiwa ya zagaya rumfa sau biyu. Ya kama hannuna ya girgiza kamar ni na gano abin. Ya kira mai shayi ya faɗa masa, ya tare wata mai gyaɗa ya faɗa mata. Ya ce shekara da shekaru yana neman tsinkewar a cikin fitila, ashe tana ɗaure a hannunsa. Da ya huce Celina ta ƙara masa da cewa wanda babur ɗin ke tunkaro shi zai ga launin hasken ya koma wajen shuɗi, kamar yadda ƙarar hon ke yin siriri in mota na zuwa, ta yi kauri in ta wuce. Ya ce wannan ta bar masa sai gobe, kansa ya cika.

Ranar Litinin da safe muka tafi Barnawa a babur ɗina, ina tuƙi, yana baya sanye da rigarsa ta zuwa coci. Celina ta riga ta nemi izinin shugabar makaranta, kuma ta gargaɗi ubanta cewa totur kawai zai murɗa, ban da magana. Muka kafe babur a bakin ƙofar aji, kansa a ciki, bututun salansa a waje saboda hayaƙi. Aka rufe tagogi. Malam Abdulmalik yana bayan aji da takardarsa a kan cinya.

Celina ta tambayi yara su wa suka yarda gudu ne ke tura haske. Fiye da rabi suka ɗaga hannu. Ta yi wa ubanta alama. Ya murɗa, allo ya yi fari fat, yara suka yi ihu, babur yana nan inda yake. Daga nan ta bi musu wayar kamar yadda ta bi masa, lemo, da man da ba zai isa ba, da agoguna biyu. Ni ta sa a gefen allo a matsayin mutumin bakin titi, yara suna ta ce mini Baba mai kallo. Lissafi layi ɗaya kawai ta rubuta, shi ma a ƙarshe.

Maimuna ta ɗaga hannu. Ta ce, Anti, to zai fita ko ba zai fita ba?

Celina ta ce, "Zai fita. Komai kusancin babur da gudun haske, mai tuƙi zai ga fitilarsa tana haska masa gaba yadda ta saba. Ya kai gudun daidai kuwa, wannan babu babur ɗin da zai yi, don haka ba zan ƙirƙiro miki abin da zai gani ba."

Yarinyar ta gyaɗa kai ta rubuta. Sai Malam Abdulmalik ya yi gyaran murya daga baya, ya ce maganar agogo fa, an gwada ko zance ne? Ta ce an gwada, an sa agoguna masu tsananin daidaito a jirgin sama an kwatanta su da na ƙasa, kuma taurarin ɗan'adam da wayarsa ke nuna masa hanya da su, sai da aka yi wa agogunansu irin wannan gyara. A nan Jethro ya kasa riƙe bakinsa. Ya ce wa Malam, ranka ya daɗe, shi ma da farko bai yarda ba. Aji ya sake yin dariya, amma ba irin ta ranar Talata ba.

A waje muka jira, a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Celina ta fito da takarda a hannu, ta nuna wa ubanta sa hannun. Ya riƙe ta da yatsu biyu ta gefe don kada baƙin mai ya taɓa ta, ya duba ya sake dubawa. Malam Abdulmalik ya biyo bayanta, ya tambayi inda rumfar take, wai fitilar motarsa ta hagu tana wasa.

Yanzu Celina tana koyarwa a Nasarawa, shekara ta biyu ke nan. Jethro yana nan a rumfarsa. Masu babur sun daina cewa gudu ne ke tura haske, aƙalla a gabansa. Amma duk wanda ya zauna a benci sai ya ciro agogonsa, in ba shi da shi a ari nawa. Jiya ma da na dawo daga sayen gam a kasuwa, ban gama kafe babur ba ya miƙo hannu ya ce in kawo agogona ya gani ko gudun da na yi ya sa agogon ya ja ƙafa a hanya.