Hular da Ba'ana Ya Sa Sau Ɗaya

A Abbaganaram, in ka tambayi inda ake wankin hula, ba za a wahalar da kai da dogon kwatance ba. Za a ce ka miƙe har ka ga gumagumai na itace jere a rana, kowanne da hula a kansa, sun yi tsit kamar dattawa a zaman makoki. Bayansu akwai wata rumfar kwano, a ciki kuma wani siririn mutum mai furfura a gemu yana ta dirzar hula da buroshi. Shi ne Ba'ana, kuma shekararsa talatin da huɗu a wannan wurin.

A Khaddamari aka haife shi, gidan manoman albasa. Noma bai karɓe shi ba, shi ma bai matsa wa noman ba. Yana da shekara goma sha bakwai ya biyo motar albasa zuwa Maiduguri, motar ta koma shi bai koma ba. Ya yi dako, ya yi tallan ruwa, daga baya ya faɗa hannun wani tsoho mai wankin hula wanda ba ya yawan magana sai yawan harara. A wurinsa ya koyi jiƙa hula ba tare da zare ya zuba ba, da dama sitaci daidai, da zaɓar gungumen da ya dace da kan mai ita, da ɗora dutsen guga ta bayan ƙyalle. Doka ɗaya tsohon ya kafa masa da baki, sauran duk da ido ya koye su. Ya ce hular mutum kansa ce ya ba ka ajiya, don haka ba a ɗora ta a kai, ko da gwaji, ko da ba mai gani.

Ba'ana ya riƙe wannan magana riƙo na gaske. Da ita ya yi suna, kuma ba shi da wata dukiya da ta wuce sunan. Gidan da yake ciki na haya ne, kekensa ya girmi wasu 'ya'yansa. Amma manyan gari suna barin hulunansu a rumfarsa wata da watanni, su tafi Makka su dawo, hankalinsu kwance.

Sana'ar ta ba shi ido. Shi dai ba ya duban motar mutum, cikin hula yake dubawa. A nan yake ganin wanda ke wanka sau biyu a rana da wanda ke rufe gumi da turare. Masu zama a bencinsa da hantsi sun sha jin ra'ayinsa a kan abin da ke sa a ga mutum a ce wannan ya ji daɗi, domin Ba'ana ba ya rowar ra'ayi. A wurinsa, hula mai launi bakwai wadda aka cika wa sitaci har ta sandare kamar gwangwani alamar kuɗin jiya ne, waɗanda mai su bai gama mamakinsu ba. Mai arzikin da ya daɗe, in ji shi, tsohuwar hula yake sawa, wadda ta sha wanki ta yi laushi ta san kansa. Dugadugansa ba faso. Wuyan rigarsa fes. Turarensa ba ya riga shi shiga ɗaki, sai kun yi musabaha za ka ji. Sannan ba ya sauri, ko ruwa ake yi. Yakan kafa misali da Malam Yoila, tsohon akawu ɗan Biu mai zuwa coci da kaftani, wanda hulunansa biyu ne kacal a duniya amma in ya fito sai ka rantse gidan sama yake kwana.

Shi kansa mai wannan bayani, hular da ke kansa ta inji ce, ta koɗe har ba a gane asalin launinta. Abokansa sun yi tsiyar sun gaji. Amsarsa kullum ita ce wanzami ba ya son jarfa, sai ya ci gaba da dirza.

Cikin masu kawo masa wanki babu wanda yake ji da shi kamar Alhaji Abdulwahab, wani ɗan kasuwar wake. Shekara goma sha tara yana zuwa, kuma da ƙafarsa yake zuwa, ba ya aiko direba. Ya zauna a benci, ya tambayi iyali, ya karɓi hulunansa ya tafi. Duk abin da Ba'ana ke faɗa a kan mai arzikin gaske, a jikin wannan mutumin ya karanto shi. Hulunansa takwas ne, amma akwai guda ɗaya, aikin hannu na matan Bama, ruwan toka da siririn zare shuɗi, wadda aka ce wata biyar ana ɗinkinta. Daga nesa ba ta ce komai ba. Sai ka matso za ka ga allura ba ta bar ko wurin ɗora tsinke ba. Ba'ana yana son hular nan, so na gaskiya, kuma duk ranar wankinta sai ya sake ruwa sabo dominta.

Ana nan sai maganar auren Imran ta taso. Imran ɗan marigayi wansa ne, kuma a hannun Ba'ana da matarsa Turai ya tashi tun yana rarrafe. Ya yi karatu, ya samu aikin koyarwa a wata makarantar kuɗi, ya ga wata yarinya mai suna Muhsinat a Galtimari, suka daidaita. Gidansu yarinyar gidan rufin asiri ne sosai, irin mai ƙofar ƙarfe da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Aka sa ranar Asabar bayan la'asar manya su je neman aure. Tunda uban yaro ba ya raye, sauran 'yan'uwa kuma rikicin shekarun baya ya warwatsa su, Ba'ana ne zai shige gaba ya yi magana.

Riga ba ta zama matsala ba. Yana da farar shadda ta Sallar bara, Turai ta turara ta kwana biyu a kan kasko. Takalmi ma an goge. Da ya tsaya gaban madubi ranar Juma'a ya ɗora hularsa, sai ya ga abin da kowa zai gani, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Daga wuya zuwa ƙasa baffan ango ne, daga wuya zuwa sama mai wankin hula. Ya ji kunya, ba don kansa ba, don yaron da zai zauna a gida yana jiran amsa.

Hulunan Alhaji Abdulwahab kuwa suna rumfa, a wanke, a naɗe cikin takarda. Da ya kawo su ya ce zai tafi Umara, sai bayan sati uku. Ba'ana ya san girman kansa da na Alhaji ɗaya ne, gungume guda yake musu. Ranar Asabar da azahar ya buɗe takardar, ya rufe, ya sake buɗewa, idonsa a kan ruwan tokar nan. Ya gaya wa kansa awa biyu ne kawai, zai shimfiɗa farin ƙyalle a ciki, ya dawo ya sake wanke ta, ba wanda ya yi asarar komai. Duk wanda zai yi abin da ya san bai dace ba, lissafinsa yakan fita daidai.

Turai ta gan shi a bakin ƙofa, ta dube shi daga ƙasa har sama, idonta ya tsaya a saman.

Ta ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Ta wani ce da ba ya gari."

Ta ce, "Zanen aro dai ba ya rufe katara."

Ya fita, maƙwabtansa biyu da za su raka shi suna jira a Keke Napep.

Abin da ya ba shi haushi daga baya shi ne, hular ta yi aikinta. Tun daga ƙofar gidan aka tare su da gaisuwar Barebari, "Wushe, wushe, lale," aka karɓi takalmansa, aka wuce da shi kan kilishi can ƙurya inda ake ajiye manya. Mahaifin yarinyar ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Shi ma Ba'ana sai ya ji tafiyarsa ta sauya, muryarsa ta sauka, ya daina sauri. Aka kawo ruwa da dabino, aka ce a ɗan jira aminin maigida, wanda ba a yanke maganar gidan sai da shi.

Aminin ya yi sallama ya shigo. Alhaji Abdulwahab ne. An ɗaga tafiyar tasu da sati guda, abin da Ba'ana bai ji ba sai a wannan zaman. A kansa wata hula ce ta kasuwa, tunda nasa na kirki duk suna wurin wanki.

Ya bi mutane da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya har ya iso ƙurya. Ya miƙa hannu, ya dubi fuskar Ba'ana, ya ɗaga ido sama kaɗan, ya sauke. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Ya ce, "Malam Ba'ana, ashe kai ne baffan yaron. Madalla." Ya nemi wuri ya zauna daura da shi.

Ba'ana ya yi maganar da ta kawo shi. Har yau bai san yadda ya yi ta ba. Gumi ya jiƙa ƙyallen da ya shimfiɗa, ya wuce, yana jin sa yana shiga zaren. Cire hula a gaban surukai ba dama, barinta kuma kowane minti ƙarin laifi ne. Da ya gama, mahaifin yarinyar ya ce sun ji, yaron ma sun yaba da hankalinsa, sai dai ba su san gidan da ya fito ba. Ya juya wajen amininsa ya ce, "Alhaji, na ga kamar kun san juna."

Alhaji Abdulwahab ya gyara zama ya ce, "Na san shi shekara goma sha tara. Wankin hula yake yi a Abbaganaram, kuma duk garin nan ba mai hannunsa. Ban taɓa ba shi abu ya ɓata ba, ban taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba. Yaron da ya tashi a hannunsa, ni dai in 'yata ce zan ba shi."

Shi ke nan, aka ba su. Aka yi addu'a, aka raba goro da alewa, aka sa rana. A hanyar komawa maƙwabtan suna ta murna, suna cewa ai hular nan ce ta yi rabin aikin. Ba'ana ya cire ta ya riƙe a cinya har gida.

Washegari ya wanke ta sau biyu, ya shanya a inuwa, ya goge, ya naɗe. Ko shi da ya san abin da ya faru bai ga wata alama a jikinta ba. Ranar Litinin da hantsi Alhaji ya zo, da ƙafarsa kamar kullum. Ya zauna a benci, ya tambayi iyali, ya yi barka da abin arziki. Ba'ana ya ɗauko hulunan takwas ya ajiye a gabansa, sannan ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa wani mai wanki ba.

Ya ce, "Alhaji, na ci amanarka. Ka yafe mini."

Alhaji ya ce, "Tashi, Malam Ba'ana, kai ba yaro ba ne. Na yafe tun a can. Da ka tambaye ni ma, da na ba ka har da riga."

Ya ɗauki bakwai ya zuba a jaka, ya tura ruwan tokar gefe.

Ya ce, "Wannan ka riƙe, ka sa ranar ɗaurin aure, kada dangin amarya su ga ka sauya. Ba mai jin maganar nan a bakina. Abin da na faɗa musu kuma ba ƙarya na yi ba. Sai dai ni yanzu duk hular da na karɓa a nan sai na leƙa cikinta kafin in sa, kuma na tsufa da wannan aikin."

Ya yi sallama ya tafi, ba da fushi ba.

An ɗaura auren bayan wata biyu, kuma zaman yana lafiya, har sun samu 'ya mace. Alhaji ya cika alkawari, ba wanda ya ji, sauran masu kawo wanki ba su ragu ba. Hular kuwa tana nan a naɗe cikin takarda, Ba'ana bai sake ɗora ta a kai ba, ko ranar ɗaurin auren. Ba'ana yana nan a rumfarsa, sai dai masu zaman benci sun lura ya daina bayani a kan masu arziki, in an tsokano maganar ma sai ya ce kowa da yadda Allah ya yi shi.

Ranar Juma'a Alhaji Abdulwahab yakan bi ta layin a mota in zai tafi masallaci. Yakan sa a rage gudu, ya sauke gilashi, ya ɗaga hannu, Ba'ana ya miƙe ya amsa. Wani ne yake masa wanki yanzu, can wajen kasuwa. Daga inda yake tsaye Ba'ana yana hango inda dutsen guga ya ɗan ƙona gefen hular, wajen kunnen hagu, kuma ba shi da bakin da zai gaya masa.