Hannun Yaha Ungozoma

Shekarar da fara ta cinye geron Damagaram, kakata Iya Dije ta daina yi mana tatsuniyar Gizo. Bayan magariba mukan zauna gefen murhu tana gasa mana 'yar gyaɗar da ta rage, sai ta ce, "Matso, mijina marar gemu. Wannan ta faru, ba ƙage ba ce."

Labarin Yaha ungozoma ne. A zamanin da ba mai taka unguwar Kara-Kara don tsoron kuturta, ita ce ta fara shiga tana karɓar haihuwar matan unguwar, ta ci tuwo da su akushi ɗaya. Ta yi ta sintiri wajen hukuma har aka karɓi 'ya'yansu a lakwal, makarantar boko. Ranar da samarin unguwa biyu suka zaro adduna a kan ruwan famfo, kafin jandarmomi su iso ta zauna dirshan a tsakaninsu ta ce, "Duk ni na yanke muku cibiya. Wa zai fara tsallake ni?" Ba wanda ya iya.

"Tana da wata aminiya tun ta yarinta," in ji Iya. "Wata rana Yaha ta fito daga Kara-Kara, ta biya gidanta da ƙishirwa, ta ba ta ruwa. Tana juya baya, aminiyar ta fasa moɗar."

"Sai me, Iya?"

"Sai wuta ta mutu. Ku tashi."

Kullum nan take tsayawa.

Na girma, na sauke Alƙur'ani, na zama mai rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Da ciwon ajali ya kama Iya, ta sa na ɗauko tawada. "Rubuta: Yaha, ni ce Dije. Na fasa moɗa. Ki yafe mini. In na cika, hannunki nake so ya wanke ni."

Na rubuta, na naɗe takardar.

Na sami Yaha a wani ɗan ɗaki a Kara-Kara, idonta ya tafi. Na karanta mata. Ta ce, "Ɗan nan, ban fita zaure ba na ji ƙarar fashewarta. Zagin duk garin bai taɓa hana ni barci ba. Wannan ƙarar ta hana." Ta laluba sandarta. "Kai ni."

Mun tarar ana salati. Iya ta cika muna hanya.

Yaha ta wanke ta, mata biyu na zuba mata ruwa. Daga bayan labule muka ji tana cewa, "Na yafe, Dije. Tun ranar na yafe. Ke ce ba ki zo kin karɓa ba."

Ina yaro na ɗauka Iya jaruntar Yaha take koya mana. Ashe shekara da shekaru gafara take nema a gaban yara, don mu kaɗai ne ba za mu gane ba. Allah Ya haɗa su a Aljanna.