Amshin da na hana Mama

Babu inda ake gwada imanin mace kamar gaban wanke-wanke. Malamai ba su rubuta wannan babin ba, wataƙila don ba su cika kankare tukunya ba.

Ni 'yar mai ba da waƙa ce. Mahaifiyata ke jan waƙa a zumuntar matan cocinmu tana kaɗa tulu, ni ina gefenta ina amshi tun ban san ma'anar kalmomin ba. Na girma na musulunta da zuciya ɗaya, aure ya kawo ni Makka, unguwar Rusaifa, cikin dangin da kakanninsu suka zo hajji daga Kano suka zauna. Ban taɓa nadama ba. Sai dai aƙida ta fita ta ƙofa, karin waƙa ya maƙale a maƙogwaro. Da na tsoma hannu a kumfa sai in ji ina rera shi ta hanci. Wata rana surukata ta tambaye ni wace ƙasida ce wannan mai daɗi, na ce ta garinmu ce. Tun ranar nake wanke-wanke da haƙora a datse.

Da ciwon Mama ya tsananta, ƙanwata ta kira ni ta bidiyo, ina falo cike da dangin mijina ana shan shayi. Mama ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ja baiti ɗaya da ragowar muryarta, ta tsaya daidai inda nake karɓa. Ta jira. Na dubi fuskokin da ke kewaye da ni, na ce, "Mama, layin ba kyau." Layin lafiya lau yake, har numfashinta ina ji. Ta ce ba komai, in gaida mutanen gida. Ba mu sake magana ba har ta rasu.

Da a ce na tashi na shiga ɗaki, ko da ban furta kalma ba, na yi mata karin ta hanci, da ta san 'yarta ta ji. Ba wanda ya hana ni. Tsoron idon mutane ne na naɗa wa rawani na kira shi taƙawa. Har yau in na buɗe famfo, gurbin nan da ta bari nake ji, yana jira.

Ku da kuka bar addinin iyayenku, ku tambayi masu ilimi abin da ya halatta tun iyayen na da rai. Kada ku bari kunya ta yi muku fatawa.

'Yata, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, tana rera karin nan in tana wanke-wanke. Na tambaye ta inda ta samo shi. Ta ce a bakin surukata.