Goggo ta wurgar da gatarin dutsen Hafsat

Tun safe muke tonon kwatar gidanmu a Uwani, muna neman wani dutse, har yanzu ba mu gan shi ba.

'Yata Hafsat ta aro gatarin dutse wurin malaminta na jami'a, tana nazarin yadda mutanen farko suka goge bakinsa. Jiya ana soma tsawa, ƙanwar babana ta wurga shi waje.

Na ce, "Goggo, hannun mutum ne fa ya sassaƙa shi!"

Ta ce, "Ke da bokonki! Gatarin aradu ne. In ta dawo neman abinta, da littafi za ki tare ta?"

Ranar Litinin Hafsat za ta mayar, in babu shi aikinta na kammala karatu ya rushe.

Dutsen da ya yi shekaru dubbai lafiya, kwana biyu kacal ya yi da Goggo. Jama'a, me zan gaya wa malamin nan?