Yadda Na Samo Wa Kifin-Zaki Maƙwabci

Ni dai karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, ranar da mahaifina ya duba ya ga gonar auduga ta fi malamin lissafi buƙatata. To amma kada wani ya raina ni a kan haka. A duk faɗin Funtuwa, in aka cire masu gardama, ba wanda ya kai ni sanin halin kifin teku.

Babban ɗana, wanda bakina ba ya kama sunansa, a Legas yake aiki. Shekarar da gwiwoyina suka yi mini tawaye har likita ya raba ni da gona, sai yaron nan ya zo da wani akwatin gilashi mai tsawon gado, ya kafa a zaurena, ya haɗa masa sola da injin tace ruwa. Ya jera duwatsu a ciki, ya zuba wani gishiri da ba na miya ba, sannan ya sako kifi guda ɗaya tal. Jikinsa zane-zane ne, ja da fari, ga dogayen ƙayoyi a gadon baya, ga fikafikai a baje kamar mafici. Ya ce kifin-zaki ake ce masa, kuma ƙayar nan dafi gare ta, kada in kuskura in tsoma hannu. Kifin ba ya sauri. Tafiya yake irin ta wanda ya sayar da masararsa ranar da ta yi tsada.

Kafin zuwansa, daga ni sai rediyo a zauren nan. Bayan zuwansa kuwa, da an idar da La'asar sai ka ga takalma a ƙofa kamar gidan suna. Har daga Tsiga an zo kallo. Ni ne mai bayani, abin da ban sani ba in ƙara da nawa.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, manomi a Ƙarfi, wanda tun muna yara ba mu taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya ci mutuncin ɗaya ba. Ya zo ya kalli kifin, ya kalle ni.

"Kai tsoho, ba ka jin kunya? Baƙo ya taso tun daga teku, ka ajiye shi shi kaɗai kamar mai takaba?"

Na ce, "Ya kawo maka ƙara ne?"

Ya tashi ya tafi. Ranar kasuwa sai ga shi da bokiti, ya ɗebo 'yan karfasa daga dam. Kafin in lalubo sandata ya juye su ciki. Gishiri ya kifar da su nan take, masu sauran motsi kuma zaki ya sallame su. Taubashi ya ce ai ko ba komai an yi wa baƙo tuwon sauka.

Yaron nan ya yi faɗa a waya, amma ya yarda a samo maƙwabta 'yan teku. Ya turo hotuna. Hajiya, uwargidana, ita da taubashi suka haɗa kai suka zaɓi waɗansu 'yan ƙanana biyu, ruwan lemo da ratsin fari, don sun fi kyau. Ni ba a tambaye ni ba, wai idona ya yi rauni. To da raunannen idon na ga abin da ya faru. Zaki ya baje fikafikai, ya tura ɗaya kwana a hankali, ya buɗe baki kamar bakin buhu. Shi ke nan. Hajiya tana cikin salatin na farko, na biyu ya bi ɗan'uwansa.

Ana haka sai gansakuka ta fara cin duwatsun, ta haura gilashi, har kifin ya koma sai ka manna hanci kake ganinsa. Ni ba gwiwar tsayawa in kankare, ba kuma wanda zai sa hannu kusa da ƙaya. Yaron ya kira da muryar da ba ta wasa ba.

"Baba, maganin gansakuka kifi ne mai kiwonta, kuma duk abin da aka saka wannan yana haɗiyewa. Zan sa a kwashe akwatin a kai wa abokina mai otal a Kaduna, can akwai masu kula."

Na duba ƙofar zaurena, na tuna yadda take a da. Na ce, "Ka ba ni zaɓi ɗaya. Nawa, ba na kwamiti ba. In aka haɗiye shi, ni da kaina zan kira mota."

Abin da yaron ya manta, a danginmu in an zo neman auren 'ya, ni ake turawa bincike. Kuma mai bincike ba ya kallon hula. Maƙwabta yake tambaya: me mutumin yake ci, yaya fushinsa, in an taka shi me yake yi. Na fara da na gida. Na zauna da lemon tsami a hannu har zaki ya yi hamma, na kara a gilashi. Lemon zai shige har da canji. Na gwada tafin hannuna, na ga wannan kam sai dai ya yi haƙuri.

Aka haɗa ni da mai sayar da kifin a waya mai hoto, wani Bayarabe da ya tashi a Zariya, Hausa a bakinsa radau. Taubashi yana gefe yana leƙe.

"Baba, ga wannan, gwanin lasar gansakuka ne."

"Girmansa?"

"Kamar yatsa."

"Wuce. Wannan loma ce."

Ya nuna wani ƙato mai kumburin ciki da haƙora a waje. Taubashi ya ce, "Yauwa, ga namiji!"

Na ce, "Malam, juya wayar in ga waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi." Ya juya. Duk wutsiyoyinsu a yage kamar tutar da ta shekara a kan sanda. Na ce, "Mai gatsa ne. Ni ba neman wanda zai aske mini zaki nake ba."

Can bayan wani dutse na hango wani rawaya, mai faɗin tafin hannu har da ɗori, fuska baƙi da fari, da dogon baki, ya duƙufa yana kiwo ba ruwansa da kowa.

"Wancan fa? Me yake ci?"

"Ganye, Baba. Gansakuka da ciyawar teku."

"To ba za su haɗu a akushi ba. Yana tsokana?"

"Ko kaɗan. Amma in an matsa masa yakan miƙe ƙaya, shi ma da dafinsa."

Taubashi ya kwashe da dariya. "Duk kifayen Legas ka rasa na ɗauka sai mai bakin jaɓa? Lallai jini ba ya ɓuya, kamarku ɗaya!"

Na ce, "A ɗaure mini shi."

Ranar da ya iso cikin leda mai iska, zaure ya cika har soro na biyu. Na fara ɗura wa zaki jatan lande, abincinsa na teku, sai da ya ƙoshi, don ba a kai baƙo gidan mai yunwa. Aka bar ledar ta yi iyo har ɗumin ruwan ciki da na waje ya daidaita, aka saki rawaya. Zaki ya taso a hankali, ya baje fikafikai. Hajiya ta rufe ido da mayafi. Ni kuwa na damƙe sandata. Rawaya ya juya masa gefe, ya miƙe ƙayoyinsa cur, jikinsa ya yi dabbare-dabbare. Zaki ya tsaya. Ya dubi faɗin nan, ya dubi tsinin nan, ya yi wata 'yar hamma ta borin kunya, ya juya kamar dama wucewa zai yi. Na ɗaga sanda sama na yi kabbara, zaure ya amsa.

Taubashi ya ce, "Ƙoshi ne. Bari ya ji yunwa."

Ya ji yunwar, ya sake ji, rawaya na nan yana kiwonsa. Kafin kaka duwatsun sun fito tas, abin da ya rage a gilashi kuma na sa aka ɗaura mini soso a bakin kara ina sharewa daga zaune.

Da yaron nan ya zo hutu, ya tsaya gaban akwatin ya daɗe, hannu a baya. Sannan ya fita waje, na ji yana waya da abokin nan nasa mai otal: "A'a, ka nemi naka. Wannan na Baba ne." Ya dawo ya durƙusa ya ce me zai turo mini in ya koma. Na ce ciyawar teku busasshiya, mai kyau, don maƙwabcin ya cinye aikinsa har ya fara kallona.