Malamin Tuƙin da Ke Kiran Ɗalibinsa a Waya

Kullum da safe sai ya zagaya tsohuwar motarsa, ya daki kowace taya da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashinta kamar mai neman maciji. Na daɗe ina kallonsa daga bencin ƙofar gidana. Yaran layinmu suna kiransa Ban-Yarda-Ba, don duk wanda ya ce masa ya iya tuƙi, amsar da zai samu ke nan. Malamin tuƙi ne, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Gwiwa ta gaji, ɗalibai kuma sun koma koyo a waya.

Ni wannan koyon ban gane kansa ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma ban taɓa jin an koyi iyo a kan tabarma ba. Wa ma yake koyarwar a can ciki? Ya taɓa ganin idon yaron?

Jikata, 'yar shekara sha takwas, ta gama nata koyon a waya tana kwance a kujerar falo, ta zo neman makullin motar uwarta. Saura kaɗan uwar ta miƙa. Na roƙa a bari malamin ya zagaya da ita a motarsa tukuna. Yarinyar ta ce ni dai tsoho har inuwata zarginta nake. Na ce na ji, amaryata, a baya zan zauna.

Ta iya, ba ƙarya. Alamun titi kuwa a bakinta suke. Muna dosar mahaɗar kasuwa sai na ga hannun malamin ya sulale cikin aljihu. Wayarta ta yi ƙara a cinyarta, ta sunkuyar da kai. Daidai nan mai kura ya shigo titi da jarkokin ruwa. Malamin ya taka birkin da ke gefensa, goshina ya bugi kujera.

"Wa ke kira?" in ji shi.

Ta duba wayar. "Kai ne, Baba."

"Yau ni ne. Gobe ƙawarki ce, kuma motar uwarki birki ɗaya gare ta."

Ashe duk ɗalibinsa sai ya ɗana masa wannan tarkon. Mai faci da makaniken layinmu sun shaida. Makullin yana jakar uwar har yau. Jikata tana fita da malamin kowace yamma, wayar kuma a hannuna.

Malam, kai ne mai zargin da ya hana gidaje zaman makoki, su kuma ba su ma sani ba. Na gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma iyaye, tunda zai tafi, kujerar gefen direba taku ce. Ku zauna a kanta kafin ku miƙa makulli.